Waɗanda Aka Bari a Kurusa

Ina da shekara 15 littafin ya shigo hannuna, a 1980, ina aji uku a makarantar sakandare ta kwana. Kwafi 12 aka kawo wa ajinmu, mu kuwa mun kusa 40, don haka mu uku muke karɓa-karɓa a kan guda. Ranar Talata da Juma'a ni ke kwana da shi. In an kashe janareta da ƙarfe goma na dare, sai in kunna 'yar fitilar ƙwai a bayan akwatina in ɗora daga inda na tsaya. Sunan littafin The African Child, fassarar Ingilishi ta L'Enfant noir, wanda Camara Laye, mutumin ƙasar Gini, ya rubuta da Faransanci aka buga a birnin Faris a 1953. Muna tsakiyar karatunsa malaminmu na adabi ya shigo wata safiya ya ce mana marubucin ya rasu a Dakar. Aji ya yi tsit. A tunaninmu masu littattafai mutanen da ne, waɗanda ƙasa ta rufe tun kafin a haifi kakanninmu. Ba mu taɓa kawowa cewa yaron da muke bi shafi-shafi ya girma har ya kai shekara 52, ya cika a wata ƙasa nesa da garinsu ba.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Yaro ne ɗan maƙeri, ɗan ƙabilar Malinke, a garin Kurusa da ke bakin kogin Neja can sama kusa da mafarinsa. Ya yi makarantar allo, ya shiga ta boko, aka yi masa kaciya, ya hau jirgin ƙasa zuwa Konakiri yana ɗan shekara 15, daga can jirgin sama ya ɗauke shi zuwa Faransa. Babu yaƙi a ciki, babu azzalumin sarki. Abin da ya riƙe littafin shi ne mutanen da yaron ya ratsa ta hannunsu: kowa ya ba shi abin da yake da shi, sannan ya tsaya yana kallon ƙeyarsa.

A karatun farko idona bai kai nan ba. Yaron kaɗai nake gani, don ni ne shi. Manyan ɗaliban da ke sa ƙanana tsince ganyen gwaba a farfajiyar makaranta, su yi musu bulala, su ƙwace abincin da iyaye suka ƙunso musu, duk mun san su, suna nan a ɗakin kwananmu da wasu sunaye. Ranar da muka kai inda Kuyate, abokin Laye, ya gaji ya kai ƙara wajen ubansa, uban ya gayyato Himurana, babban ɗalibin da ya doke shi, gida da sunan cin abincin dare aka zane shi tas, sai da aji ya kaure da tafi. Da aka zo inda mahaifin Laye ya taho makaranta da yaran maƙerarsa ya kai hedimasta ƙasa, malaminmu sai da ya buga tebur kafin mu nutsu. Sai kuma 'yan matan. Fanta, ƙawar 'yar'uwar Laye, wadda yake ja wa gashi a hanyar makaranta, ita ce ta zauna kusa da shi tana hawaye ranar da aka doke shi. Mari kuwa, 'yar makarantar Konakiri, yakan goya ta a keke zuwa bakin teku su zauna suna kallon tsibirai, ba mai iya furta abin da ke ransa. Waɗannan shafuka sun fi sauran yin dauɗa a kwafinmu, saboda yawan hannu.

Da jarrabawa ta zo aka tambaye mu matsayin kowane mutum a labarin. Mun riga mun haddace: uba shi ne al'ada, uwa ita ce mai jan yaro baya, Baffa Mamadu na Konakiri shi ne zamani, Mari ita ce soyayya. Haka na rubuta, na ci maki mai kyau, kuma har zuciyata na yarda da abin da na rubuta. Uwar ce ma ta fi ba ni haushi. Yaro ya samu hanyar zuwa Faransa, ke kuma ki tsaya kina kuka a kan turmi?

Haushin nan yana da tushe a gidanmu. Mahaifina baduku ne. Rumfarsa tana ƙofar gida, yana ɗinka kube da layu da takalma, in Sallah ta gabato kuma kayan doki su cika masa hannu. Ni ne ɗan fari, kuma tun ina rarrafe mutane ke ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk da haka shi ya kama hannuna da kansa ya kai ni aka rubuta sunana a firamare. Ranar da zan tafi makarantar kwana Inna ba ta fito ba. Ƙanwata ce ta biyo ni zaure da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, da 'yar gorar rubutu da aka karɓo wajen malamin unguwa. Na san alkunya ce, uwa ba ta nuna ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa. Amma zuciyar yaro ba ruwanta da alkunya. Na hau mota da cewa tafiyata ba ta dame ta ba. Da na iske uwar Laye tana kuka a fili, tana faɗa da miji da ɗa a kan kada ya tafi, sai na ga ana yi wa wani abin da na so a yi mini ban samu ba.

Baba ya rasu a 1994, ina da shekara 29, ina aikin safiyo a Kaduna. Bayan an share makoki na koma bakin aiki, wata rana na tsaya wajen masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi, sai ga shi a cikin tarin. Na saya, na karance shi a dare ɗaya. Shafukan suna nan yadda na bar su, amma mutanen ciki duk sun sauya mini.

Uban na fara gani. Littafin ya buɗe ne a kusa da maƙerarsa, gidan yana daf da layin dogo, inda macizai ke yawan shigowa. Ana kashe kowane maciji in an gani, ban da wani ɗan baƙi guda da ke shiga maƙera kai tsaye, maƙerin ya shafa shi kamar suna gaisawa. Da yaron ya tambaya, uban ya bari sai dare ya zaunar da shi ya gaya masa cewa wannan shi ne mai tsaron zuriyarsu, shi ke sanar da shi abin da zai zo. Ina yaro abin al'ajabin macijin na riƙe. Yanzu kuwa ƙarshen hirar ne ya tsaya mini a wuya, inda uban ya bayyana tsoronsa: yaron ba ya zama kusa da shi, kullum yana makaranta, kuma wata rana zai bar makarantar zuwa wadda ta fi ta, ya bar shi. Tun yaron bai san hagu da dama ba uban ya riga ya hango ƙarshen labarin.

Sai ranar narka zinariya. Mace ta zo da 'yar ƙurar zinariyar da ta tara daga wankin yashi a Sigiri, tana son a ƙera mata abin ado kafin Sallah. Ta ɗauko maroƙi da molonsa na kora ya zauna yana wasa maƙerin da kakanninsa har ya amsa. Duk wani aiki a maƙera ya tsaya. Yara biyu suna zuga, kowa ya kame bakinsa, uban yana juya 'yar tukunyar yumɓu a kan garwashi, leɓunansa na motsi da kalmomin da ba mai ji. Kafin ranar ya riga ya tsarkake jikinsa. In aiki ya kammala ya tashi ya taka rawar duga, wadda ba kowa ke takawa ba, a raba goro. Mutumin da ke da irin wannan gado, ya kuma san darajarsa, shi ne ya buɗe wa ɗansa ƙofar fita a kowane mataki. Da ya doki hedimasta, don makaranta ta zaunu ga yaron ya yi. Da maganar Konakiri ta zo, ya tuna wa ɗan cewa shi maraya ya tashi, danginsa suka ba da shi aikatau wajen Kwarori 'yan kasuwa, don haka kada ya saki damar da ya samu. Da maganar Faransa ta zo, shi ya amince, shi ya kuma raka yaron wajen uwar, alhali ya san abin da za su tarar. Abu ɗaya ya roƙa: a yi masa alkawarin dawowa.

Na ajiye littafin a nan, saboda wata yamma ta dawo mini. Ina hutu, ina zaune a rumfa ina karatu, Baba yana haɗa bakin wata jaka. Ya ce, "Kai, yaro, zo riƙe mini nan." Na matso na kama fatar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da littafi, idona a kan shafi. Ya ɗan jima yana dubana, sannan ya ce, "Bar shi, je ka yi karatunka. Ilu, zo ka riƙe." A ranar murna na yi, na ɗauka an sallame ni. A daren nan na Kaduna na gane abin da ya sallama. Haka ƙaramin kawun Laye ya yi masa a Tindikan, ƙauyen uwarsa, lokacin girbin shinkafa na watan Disamba: ya bar shi ya bi sahun masu yanka yana tara damma, amma ya hana shi lauje, don ya san aikinsa ba a gona yake ba. Mutanen da suka fi son yaron su ne suka riƙa zare kayan aiki daga hannunsa a hankali.

Uwar kuwa, ashe ita ce ginshiƙin gidan. Bayan tagwaye aka haife ta, wato Gambo ce, kuma kamar yadda mu ma muke ganin Gambo ba a banza yake ba, haka mutanen Kurusa ke shakkarta. Dokin da ya kwanta a makiyaya ya ƙi tashi, mai shi ya yi magiya ya yi bulala a banza, ita ta je ta yi masa magana ya miƙe. Tana ɗiban ruwa a kogi lokacin da ya cika kadoji na yawo, ba abin da ke taɓa ta, don kada shi ne kan gidan ubanta. Mijinta mai buɗaɗɗen hannu ne, in ba ta sa ido ba baƙi za su cinye abincin ya kwana da yunwa. Ba ta son aikin zinariyar da kowa ke yabo, don ta ga yana cin idon mijinta da ƙirjinsa. Kowa a littafin yana lissafin riba, ita kaɗai ke lissafin abin da aka biya.

Kuma ita ke biya. Duk matakin da aka ce yaro ya girma, daga jikinta aka yanke shi. A bikin kaciya kishiyarta ta fito fili tana ɗaga littafin rubutu da alƙalami, alamar abin da yaron zai zama. Bayan mako uku uwar ta je dubo shi inda ake jinyarsu, aka tsayar da ita daga nesa, ba halin ta rungume shi. Da ya warke ya dawo ya tarar an gina masa ɗakinsa, ya bar kwana a nata. Da zai tafi Konakiri ta ba shi kwalbar rubutu da aka wanke daga alluna aka haɗa da zuma, daga malaman Kankan, ya riƙa kurɓa kafin ya zauna karatu. Ranar maganar Faransa suka iske ta tana dakan gero, ta ci gaba da luguden taɓarya kamar ba ta gan su ba, don ta san abin da ya kawo su. Ta yi faɗa, ta zargi makaranta da masu makaranta da ƙwace mata ɗa, daga ƙarshe ta kifa kanta a jikinsa tana kuka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Laye ya cika alkawari ya koma Gini a 1956, amma zaman bai ɗore ba. Bayan samun 'yanci a 1958 ya saɓa da gwamnatin Seku Ture, a tsakiyar shekarun 1960 ya fice, ya ƙare rayuwarsa a Sanagal. Ita kuma ya sadaukar wa littafin.

Bayan Inna ta fita takaba na je gida. Goggona, ƙanwar Baba, tana tsinkar zogale ina ba ta labarin wannan mata ta Kurusa, na ce ni dai ba a yi mini kuka ba. Ta ɗago ta ce, "Auwalu, kai yaro ne har yanzu. Ranar da ka tafi tana bayan zana tana leƙen motar har ƙura ta kwanta. Kwana uku tuwo bai wuce mata ba. Akwatin da ka tafi da shi, akuyarta aka sayar." Ban taɓa tayar wa Inna da maganar ba, don alkunya ta kowane gefe ce. Sai dai daga ranar, duk zuwan da na yi nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta in zauna har dare, tana magana da ƙannena alhali da ni take. Wata mata ta ƙasar Gini, a cikin littafin Faransanci da aka juya zuwa Ingilishi, ita ta furta mini abin da uwata ta haɗiye.

Baffa Mamadu ma na yi masa gajeriyar fahimta da na kira shi zamani kawai. Babban akanta ne a wani kamfanin Faransawa a Konakiri, amma mai riƙon addini ne, ya nemi Larabci har ya iya, kayan Turawa na wajen aiki ne, in ya dawo gida ya tuɓe ya sa rigarsa. Matansa biyu, Awa da Ngadi, suna zaune lafiya har baƙo ba ya bambance 'ya'yan wannan da na waccan. Da yaron ya raina makarantar koyon sana'a ta Georges Poiret, yana son komawa inda ake yaye akawuna, baffan ya zaunar da shi ya nuna masa cewa masu riƙe alƙalami sun yi yawa, mai sana'a a hannu shi za a nema. Ɗan gidan maƙera ne yake magana da bakin ofis. Shi ne shaidar cewa mutum zai iya haye kogi bai zubar da kayan da ya ɗauko ba. Shek Umar kuwa, abokin Laye da ya zama malamin makaranta, cikinsa ya kumbura jikinsa ya rame, masu maganin gargajiya suka gwada, asibiti ya gwada, ya rasu abokansa na gefensa. A nan ƙuruciya ta ƙare, tun kafin jirgin sama ya tashi.

Marubucin Kamaru Mongo Beti ya soki littafin da cewa ya kau da kai daga zaluncin mulkin mallaka. Na fahimci dalilinsa. Ni dai abin da na gani, Bature ba ya yawan fitowa a shafukan, amma duk rabuwar da aka yi akwai hannunsa: layin dogon da ya ratsa bayan gida, makarantar da ta cinye yinin yaro, daraktan da ya yi tayin Faransa har yaron ya amsa tun bai shawarci iyayensa ba. Kukan da aka yi a kan turmin nan ƙara ce, ko da ba a kai ta gaban alƙali ba.

Karatu na uku na yi shi bayan na ajiye aiki na komo gida. A wannan karon wasu mutane suka fito mini waɗanda ba a taɓa tambayarmu a kansu a jarrabawa ba: yaran maƙera. A shafin farko, yaro yana tura wa maciji kara a baki, macijin yana haɗiya har ya kusa kai wa yatsunsa, Damani ne ya fito daga maƙera ya gani ya yi wa uban alama aka sure shi. Ba don Damani ba da babu littafin. Sidafa yana kwana ɗaki ɗaya da shi, suna hira cikin dare har uwar ta tsawata musu, kuma uwar ta fi tausaya wa waɗannan yara a kan 'ya'yan cikinta, don su iyayensu na nesa. Sau da yawa Laye yakan kawo wani sirri, na macijin ko na kalmomin zinariya, sai ya amsa cewa ya bar gidan ubansa da wuri, bai kai ga sanin ma'anarsa ba. To su wa suka zauna har aka kai ga ma'anar? Masu zugan nan ne, da suka ga motsin leɓen maigida sau ɗari. Littafin ya ƙare da yaro a jirgi yana taɓa taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris a aljihunsa, a hanyarsa ta zuwa Arjantoi koyon aikin injin mota. Su kuwa ya bar su a gaban wuta. Ɗan ya tafi da labarin, yaran gida suka zauna da sana'ar.

Namu sunansa Yaya Ilu. Yana da shekara 9 aka kawo shi daga ƙauye, a ɗakin Inna muka kwana tare, kuma shi take fara zuba wa tuwo. Ranar rabon gadon Baba, da aka zo kan kayan rumfa, Inna da ba ta tsoma baki a taron maza ta aiko daga ciki cewa ita da 'ya'yanta sun yafe, a bar wa Ilu kayan aiki. Yau gemunsa ya yi fari fat, yana nan a rumfar, basillar Baba ce a hannunsa, ƙotarta ta lotsa daidai inda babban yatsan Baba ke zama. Kullum bayan la'asar nakan je in zauna. Daga bakinsa na san cewa da bagaruwa majema ke jeme fatar da muke saye, jan launi daga karan dafi yake, baƙin kuloko kuwa sai an nemo kashin maƙera, don haka baduku ba ya raba hanya da maƙeri. Daga bakinsa na ji cewa Baba bai taɓa ɗinke laya ba tare da alwala ba, abin da na zauna kusa da shi shekara da shekaru ban lura ba. In ya ja zare yakan ɗan karkata kai hagu, sak yadda Baba ke yi.

Ran nan na je da littafin, ina so in ba shi labarin Damani da Sidafa. Ya saurara yana aiki, bai ɗago ba, har na kai ƙarshe. Sai ya ce, "Allah ya jiƙan iyayenmu." Ya jawo wata jar fata ya haɗa bakinta biyu, ya duba hagu da dama, jikansa mai taya shi ya tafi aike.

"Auwalu," ya ce, "riƙe mini nan."

Na ajiye littafin a kan tabarma, na matso, na kama da hannu biyu.